Bugu ɗaya da na ɓoye

A shagona na hatsi a nan Katsina akwai wata sandar ƙarfe rataye a bango, sama da inda nake ajiye tiya da mudu. Masu saye da yawa sukan ɗauka ta folo ce, don mu Katsinawa in aka ce sanda da ƙwallo, doki ne ke fara faɗo mana a rai. Nakan ce musu ta golf ce, lamba bakwai. Wani ya ce, "Wasan masu kuɗin nan?" Sai in ce shi ne, amma 'ya'yan talakawa ke ɗaukar jakar, kuma a cikinsu na tashi. Yau na yi niyyar in faɗi labarin duka, har da wurin da na daɗe ina tsallakewa in yarana suka tambaye ni.

An haife ni a 1969 a wajen Ƙofar Sauri. Na gama firamare a 1981, shekarar da Allah ya yi wa Sarki Usman Nagogo rasuwa. Lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, kuma ƙanen mahaifiyata direba ne a wata ma'aikata a can. Da ya zo yawon Sallah ya roƙi Baba a ba shi ni in ci gaba da karatu a hannunsa. Baba ya ce, "Ga shi nan, amana ce." Washegari muka kama hanya.

Yaran unguwarmu ne suka ja ni filin golf na Kaduna. Kadi ake ce mana, mu ne masu ɗaukar jaka. Jaka ɗaya takan ɗauki sanduna har 14, ramuka kuma 18 ne, tafiyar kusan awa huɗu a ƙasa cikin rana. In maigida ya sallame ka da naira biyu ka gode Allah, in hannunsa a sake yake ya ƙara maka kuɗin lemo. Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Kowa da ƙwallonsa, zai yi ta bugunta har ta faɗa rami, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami da ƙa'idarsa, wani bugu uku, wani huɗu, wani biyar. A Turai bakin ramin ciyawa ce mai laushi kamar darduma. Mu a lokacin burawun muke da shi, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, sai yaro ya ja buhu ya share hanya kafin maigida ya tura ƙwallo. Har gobe in na wuce garejin makanikai na shaƙi warin baƙin mai, sai in ga kaina a bakin rami riƙe da tuta.

Abin da ya raba golf da ƙwallon ƙafa shi ne babu alƙali mai usur da ke bin ka. Abokin wasanka ke riƙe katinka. In kun gama rami ya tambaye ka nawa, ka faɗa, ya rubuta, a ƙarshe ku duka ku sa hannu. In ka kai sanda da niyyar bugu ka kuskure ƙwallon, iska kawai ka sara, wannan ma bugu ne, sai ka ƙirga shi. Shugabanmu wani tsoho ne Bazazzagi da muke kira Baba Sarki, shi ke raba mana jakunkuna da safe. Ranar farko da ya ba ni jaka bai koya mini sunan ko sanda ɗaya ba. Cewa ya yi, "Yaro, a nan bakinka shi ne alƙali."

Ranar Litinin da sassafe, kafin masu gida su fito, akan bar mu mu buga. Da rodi na fara, wanda wani mai walda ya lanƙwasa mini bakinsa. Daga baya wani maigida ya ba ni tsohuwar lamba bakwai da mariƙinta ya tsage, na naɗe shi da robar tayar keke. Ita ce a shagona yanzu. Da ita kaɗai na koyi kowane irin bugu, na nesa da na kusa, na cikin yashi da na ƙarƙashin bishiya, don ba ni da wata. Allah ya ba ni hannu, wannan ba zan ɓoye ba. A 1985 na ci gasar kadi ta ƙarshen shekara, a 1986 na sake ci. Masu gida suka fara neman a ba su "yaron nan Bakatsine". Kaina ya fara girma ban sani ba.

A 1987 aka sa kyautar da ba a taɓa sawa ba, rabin jakar sanduna, sababbi. Duk wanda ya mallake su ya bar sahun masu aro, zai iya shiga gasar 'yan sha'awa, waɗanda ke buga wasa ba don kuɗi ba, kuma daga nan ne ake tsallakawa a zama furo, wato ƙwararren da wasan ya zama sana'arsa. Na yi wata guda ina kwana da sandunan nan a zuciya.

A rami na 14 ƙwallona ta karkata ta faɗa cikin ciyawa a gindin wata darbejiya. Abokan wasana suna can ɗaya gefen suna neman tasu. Na shiga, na gyara tsayuwa, na kawo sanda. Reshe ya taɓe ta a sama, ta wuce ta kan ƙwallon ba ta ko motsa ta ba. Na ɗaga kai na duba, ban ga kowa ba. Na sake bugawa ta fita. Da muka gama ramin mai riƙe katina ya ce, "Nawa?" Shida ne. Na ce, "Biyar." Ba a tilasta ni ba, ban kuma yi kuskuren lissafi ba. Na san shida ne lokacin da bakina ke cewa biyar. Da bugu ɗaya na ci gasar.

Ashe wani ƙaramin yaro, cikin waɗanda ake turawa gaba su ga inda ƙwallo ta faɗa, yana tsugune bayan wata jar ƙasa ya ga komai. Bayan kwana biyu Baba Sarki ya kira ni bayan rumfar kadi, daga ni sai shi, katin na hannunsa. Ya ce, "Rami na 14, nawa ka buga?" Na buɗe baki na ce, "Wallahi..." Sai ya ɗaga hannu. "Kada ka rantse. Ƙarya ɗaya ta ishe ka, kada ka haɗa da sunan Allah." Nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Ya zaro biro ya soke biyar ya rubuta shida a gabana. Na mayar da sandunan, aka ba wanda ya zo na biyu, aka hana ni buga wasa shekara guda. Jaka kawai aka yarda in ci gaba da ɗauka. Hukuncin daidai ne, ban taɓa ganin an zalunce ni ba. Abin da ya fi ci mini rai sunan da yara suka laƙaba mini ne, Mai Biyar. Ko ruwa na je sha sai in ji an faɗa ƙasa-ƙasa.

A watan Satumba na shekarar aka ƙirƙiro jihar Katsina, ma'aikata 'yan asalinta suka fara tattara kaya. Kawu ya ce in shirya mu tafi gida. Na ce masa ina son in ƙarasa abin da na fara. Gaskiyar ita ce kunya ta hana ni. Ban san da wane ido zan kalli Baba ba in ya ce, "Mi ka samo a Kaduna?" Na zauna a ɗakin wani abokina a Unguwar Shanu, ina ɗaukar jaka ba tare da na taɓa sanda ba.

A 1988 furo ɗin filinmu zai je Legas gasar Nigerian Open, kadinsa ya kwanta rashin lafiya, Baba Sarki ya ce a tafi da ni. Har yau ina ganin da gangan tsohon ya yi. Muka hau jirgin ƙasa. A filin Ikoyi na ga abin da ban taɓa gani ba, ƙwararru daga Ingila da sauran ƙasashe, waɗanda kan gudo wa sanyin Turai su zagaya gasannin Afirka, Najeriya da Kwaddibuwa da Kenya da Zambiya da Zimbabuwe. Tsofaffin kadin Ikoyi suna ta ba mu labarin Sandy Lyle, wanda ya ci gasar a 1978. Shi ta babbar ƙofa ya shigo. Mahaifinsa malamin golf ne, tun yana yaro yake cin manyan gasannin 'yan sha'awa a Ingila, ya buga wa Birtaniya gasar Walker Cup a 1977, ya zama furo, kuma a Legas ya fara ɗaga kofi a matsayin ƙwararre. A 1985 ya ci Open ta Birtaniya, a 1988 ɗin nan ya ci Masters a Amurka. Kadin Ikoyi suna maganarsa kamar ɗan unguwarsu.

Amma ni wani dogon mutum baƙi ne ya ɗauke mini hankali, mai kama da Indiyawan da ke da kantuna a Kano. Da asuba in muka iso wurin gwaji yana nan. Mu je mu yi ramuka 18 mu dawo, shi ma ya gama nasa ya koma wurin. Turawa su shige shan abin sanyi, shi yana tsaye cikin zafin Legas yana buga ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, ba hira, ba waige, har duhu ya hana ganin inda take sauka. Ban taɓa yi masa magana ba, bai san ina duniya ba. Zama kawai nake a kan jakar maigidana ina kallo. Sunansa Vijay Singh, daga tsibirin Fiji, shekararsa 25 ko ƙasa da haka kaɗan.

Da dare a masauki maigidana ya ba ni labarin da ya ji a bakin Turawa. A 1985, a wata gasa a Indunusiya, an zargi mutumin nan da gyara katinsa ya rage bugu ɗaya don ya tsallake zuwa zagaye na gaba. Shi dai ya musanta, kuma bai taɓa sauya maganarsa ba, ni ma ba ni da hurumin yanke masa hukunci. Amma an dakatar da shi daga gasannin Asiya. Ya tafi tsibirin Borniyo, can cikin daji, ya zama malamin golf a ƙananan filaye, yana koyarwa don abin sawa a baka, sauran lokacin kuma yana bugun gwaji shi kaɗai. Maigidana yana faɗa ne kawai a matsayin hira. Da ya ga na yi tsit sai ya tuna, ya yi shiru shi ma. Bugu ɗaya, a kan kati. Daren nan ban runtsa ba.

Shi ya ci gasar. A 1989 ya dawo ya sake ci.

Ban ce halina da nasa ɗaya ba ne. Ni na aikata, na kuma amsa. Abin da na ɗauko daga Legas shi ne na ga mutumin da aka liƙa wa suna irin nawa, bai tsaya bin mutane yana wanke kansa da baki ba, ya koma ga sandarsa. Da na dawo Kaduna sauran watannin hukuncina na yi su a wani fili bayan layin dogo, ni da lamba bakwai da ƙwallaye tara da na saya a hannun yara. In buga su, in je in tsinto, in sake. Da wa'adin ya cika na koma wasa, kuma na ɗauki wata al'ada: kowane bugu sai na ƙirga shi da ƙarfi kowa na ji. Da farko dariya ake yi. Daga baya aka saba, sunan Mai Biyar ya fara dusashewa.

Zuwa 1990 handikaf ɗina, wato lambar auna ƙwarewa da ke raguwa in hannunka ya ƙara kyau, ya sauko 3, na shiga rukunin farko na 'yan sha'awa. Wani Alhaji da nake ɗaukar wa jaka ya ara mini tsofaffin sandunansa. Na buga a Zariya da Jos da Kano, kuma a Kano na ci gasa ta farko da ba ta kadi ba. Aka ba ni kofi da rediyo, don a lokacin ɗan sha'awa ba ya karɓar kuɗi. Rediyon na kai wa Baba da kaina. Ya juya shi ya juya, ya ce, "Wanga duk da sanda ka samo shi?" Ranar na ba shi labarin rami na 14. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Tsohon da ya hana ka rantsuwa ya yi maka abin da ni ya kamata in yi. In ka koma ka gaishe shi."

Mutane suna ɗauka in ka ci gasar 'yan sha'awa to saura ƙiris. Ba haka ba ne, daga nan ne ma hawan ke farawa. Ɗan sha'awa in ya buga da kyau rana ɗaya ya ci kofi. Furo kwana huɗu zai yi, ramuka 72, in bayan kwana biyu bai shiga sahun gaba ba a sallame shi ba ko kwabo, kuma kuɗin mota da masauki da na kadi daga aljihunsa suka fita. Sai mai ɗaukar nauyi ya tsaya maka, ko kuma ka iya jure yunwa shekara da shekaru. Ni kuma, ban da rashin kuɗi, akwai abin da na sani game da kaina. Bugun nesa ba na jin tsoron kowa a Arewa a lokacin, amma in ƙwallo ta rage taku uku da rami kuma ita ce za ta raba gardama, hannuna yakan yi sanyi. Wataƙila da na samu shekara biyar ina gwaji irin na mutumin Fiji da na gyara. Ban samu ba. A 1991, ina shirin zuwa gwajin zama furo, aka aiko Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ne babba, ƙannena shida. Na mayar wa Alhaji sandunansa, na je sallama wurin Baba Sarki. Ya shiga rumfa ya fito da katin nan na 1987 ya miƙa mini. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi.

Na karɓi shagon Baba. Ban yi nadama ba, na yi jinyarsa shekara huɗu har ya rasu a hannuna, kuma da shagon nan na aurar da ƙannena. Amma ban daina bibiyar dogon mutumin ba. Direbobin da ke zuwa Kaduna sukan karɓo mini tsofaffin mujallun golf daga wurin abokaina, wani lokaci labari ya yi wata shida kafin ya iso ni. A haka na ji ya samu shiga gasannin Turai, ya ci kofi a can a 1989, ya tsallaka Amurka a 1993 aka zaɓe shi gwarzon sababbin shiga. A 1998 ya ci PGA, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya. A 2000 ya ci Masters aka sa masa koriyar kwat ɗin da ake sa wa wanda ya ci gasar.

Sai dai zamanin na Tiger Woods ne. Shi kam babu wanda ya taɓa shigowa da tarihin ɗan sha'awa irin nasa. Ya ci gasar matasan Amurka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, ya ci ta manyan 'yan sha'awa sau uku a jere daga 1994 zuwa 1996, ya zama furo, a 1997 yana ɗan shekara 21 ya ci Masters da ratar bugu 12. Ko a Katsina, waɗanda ba su san ramuka nawa ne a fili ba sun san sunansa. Ina girmama shi ƙwarai, baiwar da Allah ya yi masa ba a musunta. Amma zuciyata tana wurin wanda na gani da idona yana zufa a Ikoyi.

Ranar Litinin 6 ga Satumba 2004 su biyun suka fito tare a zagayen ƙarshe na wata gasa kusa da birnin Boston. Tiger ya yi makonni 264 a jere yana na ɗaya a duniya. Na je wurin mai gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na roƙe shi, na saya masa man janareta. Ya ce, "Malam, wa zai kalli wanga abu?" Na ce ni. Damina ce, an yi ruwa da yamma, benci duk a jiƙe. Daga ni sai yaronsa da ya yi barci a kan tabarma. Wajen sha ɗayan dare Singh ya gama da ratar bugu uku, ya zama na ɗaya a duniya yana da shekara 41. A shekarar kofi tara ya ci a Amurka, har da PGA karo na biyu, kuma shi ne na farko da ya tara sama da dala miliyan 10 a kaka ɗaya. Shekara 19 ke nan daga dakatarwar Indunusiya, 16 daga Legas. Na zauna a bencin nan hawaye na zuba, har janareta ya mutu. Na taka zuwa gida cikin taɓo, na buɗe akwati na ɗauko katin na duba shi da fitila.

Baba Sarki ya rasu tun kafin wannan daren, Allah ya jiƙansa. Yaron da ya gan ni a gindin darbejiya kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. In yana raye kuma wannan rubutu ya kai gare shi, ina son ya sani ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, kuma ina yi masa addu'a.

Yanzu da rani, in an kwashe amfanin gona, ina da wani fili a gefen hanyar Daura da mai shi ya ba ni aro. Da can wajen hanyar Jibiya muke zuwa, rashin tsaro ya sa muka bari. Na haƙa ramuka uku na binne gwangwanayen madara, na karɓo baƙin mai wurin makanike na yi burawun kamar yadda muka saba. Yara bakwai ke bi na, biyu nawa, sauran na maƙwabta, har da yarinya ɗaya da ta fi su duka natsuwa a bakin rami. Sandar ɗaya ce, bi da bi suke yi. Ni ke riƙe takarda. In sun gama rami nakan tambayi kowa nawa, in rubuta abin da ya faɗa. Ranar farko da kowane yaro ya zo sai na nuna masa katin 1987, ya ga biyar ɗin da aka soke, na faɗa masa hannun wa ya soke ta da kuma bakin wa ya faɗe ta.

Ƙwallayenmu saura 11, biyu sun tsage. Wani tsohon abokina a Kaduna ya yi alkawarin haɗo mana wasu da sanda ƙarama daidai tsawon yara, zai ba direba ranar Alhamis. In sun iso, Juma'a bayan la'asar za mu fita.